Tambayar da Ba a Yi wa Mai Jego a Asibiti

Sharhinmu na yau a kan lafiyar mata ne, amma da ma'aikatan lafiya nake son yin magana kai tsaye: nas-nas, ungozomomin asibiti, likitoci, ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, likitocin gashi da ake ce wa fisiyo, har da masu koya wa mata motsa jiki da suka fara yawa a biranenmu. Maganar tana da nauyi a baki. Zan yi ta da ladabi gwargwadon iko, amma ba zan lulluɓe ta ba, domin mata da yawa na shan wahala a kan abin da ke da magani.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin yoyon fitsari, lalurar da doguwar naƙuda ke bari idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. An yi aiki a kan wannan lalura, aiki kuwa abin yabo. Tun farkon shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina yana ɗinke mata dubbai, yana kuma koyar da likitocinmu. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, akwai ta Ningi a jihar Bauchi, akwai ta Jahun a Jigawa, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012. Ranar 23 ga watan Mayu ta kowace shekara duniya na tunawa da masu wannan ciwo.

To amma akwai wasu matan, sun fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba, waɗanda mafitsararsu ba ta huje ba, amma ba su da cikakken iko da fitsarinsu. Suna nan cikin gidajenmu. Mace ta yi atishawa, fitsari ya ɗigo. Ta yi dariya a gidan suna, ta tashi a hankali ta zaga ta sake zane. Ta ɗaga bokitin ruwa, ta ji ɗumi. Wata kuma fitsarin ne ke zuwa mata a guje, kafin ta ɗauki buta ta kai banɗaki ya riga ta. Wata iska ce ke kuɓuce mata ba da saninta ba. Wata kuma nauyi take ji a gabanta, da safe da sauƙi, kafin la'asar sai ta ji wani abu ya sauko, wani lokaci har ta taɓa shi da hannu. Wannan ita ce zazzagowar mahaifa, ko mafitsara, ko bangon dubura. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mace 1 cikin kowace 3 na ɗigar fitsari a watanni ukun farko bayan haihuwa. Wasu sukan warke da kansu, wasu kuwa da shi za su tsufa.

Yawancin waɗannan tushensu ɗaya ne. A can ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin da ke ƙarshen gadon baya. Ku ɗauke su kamar ragayar da ake rataye ƙore a ɗakin tsohuwa: mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suna zaune a kansu, idan igiyar ta saki, abin da ke ciki ya yi ƙasa. Ta cikin waɗannan tsokoki hanyar fitsari da gaba da dubura suka ratsa. Duk lokacin da mutum zai yi tari ko zai ɗaga kaya, iskar cikinsa na danno ƙasa, su kuma tsokokin sai su ɗaure da kansu kafin dannawar ta iso. Mai lafiya bai ma san ana yi ba.

Haihuwa ce ke fi jigata su. Masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun lissafa a 2004 cewa yayin da kan jariri ke fitowa, wani sashe na wannan tsoka yana miƙewa fiye da ninki 3 na tsawonsa. A wasu matan tana ɓallewa daga jikin ƙashi, a wasu kuma jijiyar da ke ba ta umarni ce ke wahala. Yanzu ku ɗora wannan a kan halinmu. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya ce matsakaicin haihuwar mace a shiyyar Arewa maso Yamma ya kai 6.6, kuma kusan kashi 16 cikin 100 ne kaɗai na haihuwa a shiyyar ake yi a asibiti. A Nijar irin wannan bincike na 2012 ya sami 7.6. Wato tsokar da ta sha wannan miƙewa, kafin ta gama dawowa wani cikin ya shiga. Ga daka da surfe, ga tulu da itace a ka, ga goyo a baya, ga tarin hayaƙin murhu, ga taurin bayan gida da ke sa mace yunƙuri kullum. Idan shekaru suka ja al'ada ta ɗauke, naman wurin ya ƙara laushi, abin da ta daɗe tana ɓoyewa sai ya fito fili.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ke taɓa ibadar mace. Baiwar Allah ta yi alwala, ta tayar da salla, tana sunkuyawa ruku'u ta ji ɗigo. Ta sallame, ta sake tsarki, ta sake zane, ta sake alwala. Akwai wadda ta daina zuwa Islamiyya saboda haka, akwai wadda ta daina tarawihi a masallaci, akwai wadda tunanin aikin Hajji ke tayar mata da hankali don ba ta san yadda za ta yi da cunkoso da nisan banɗaki ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wannan a babin salasul bauli, kuma shari'a ta yi sauƙi ga mai wannan uzuri; ya kamata malamai mata su riƙa karantar da babin a fili. Sai dai sauƙin hukunci bai hana neman magani ba. Dabarar da mata da yawa ke yi kuma ita ce rage shan ruwa. A zafin Sakkwato ko na Damagaram, mace mai shayarwa ta wuni a kan kofi ɗaya ko biyu don kada ta jiƙa zane. Fitsarin sai ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, bayan gida ya ƙara tauri, ciwon ya ƙaru.

Da yake asibiti bai tambaya ba, kasuwa ta amsa. Ku duba yadda ake tallar maganin matsi a waya da gidajen biki. Mace ta ji jikinta ya saki bayan haihuwa, abin da take ji ɗin gaskiya ne, amma sai a sayar mata da abin cusawa ko na zama a ciki. Ruwan bagaruwa da ire-irensa fatar wurin kawai suke tsukewa na ɗan lokaci, ba sa kai wa ga tsoka. Waɗansu haɗe-haɗen kuwa, da ba a san abin da ke cikinsu ba, suna busar da wurin, su ƙona shi, su buɗe ƙofar cuta. Ban ga laifin matar da ta saya ba. Ita dai ta nemi mafita a wurin da aka saurare ta.

Alhali maganin da ya fi inganci ba ya bukatar ko sisi. Tsoka ce, kuma tsoka tana ƙarfi idan aka horar da ita. Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya wallafa wannan tun 1948, shi ya sa har yau ake kiran atisayen da sunansa. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 31 a kan wannan atisaye. A cikin matan da ke ɗiga idan sun yi tari ko sun ɗaga kaya, kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka horar sun ce sun warke, a waɗanda ba a horar ba kuwa kashi 6 ne kacal. Magunguna nawa ne a kantin asibiti ke da irin wannan sakamako? Saboda haka ne a Ingila ƙa'idar aiki ta ce kafin a yi wa irin wannan mace maganar tiyata, sai an ba ta horo na aƙalla wata 3 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ko a zazzagowar mahaifa ma, wani gwaji da aka yi da mata 447 a Birtaniya da Ostireliya da New Zealand, aka buga a mujallar Lancet a 2014, ya nuna horon na rage damuwar da mace ke ji. Ba ya mayar da mahaifar da ta fito waje gaba ɗaya, wannan sai zoben roba da ake sakawa ya tallafe ta, ko tiyata. Amma ga wadda abin bai yi nisa ba, yana taimakawa ƙwarai.

A nan ne nake son ma'aikatan lafiya su ba ni kunnuwansu. Na san wasunku za su ce ai muna faɗa musu. Haka ne, ana faɗa. Ranar sallama, mace na naɗe kayanta, jariri na kuka, miji na tsaye a waje da mai adaidaita sahu, sai a ce mata, ki riƙa matse jikinki. Shi ke nan an gama. To tun 1991 wasu likitoci a Amurka suka gwada wannan. Suka yi wa mata bayani da baki a taƙaice, sannan suka auna abin da suke yi. Kusan rabi ne kawai suka yi daidai. Kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yunƙurawa suke yi ƙasa maimakon su ja sama, wato suna yin abin da zai ƙara musu ɗigar. Tsoka ce da mace ba ta ganinta, ba ta kuma taɓa sanin tana da iko da ita ba. Faɗa da baki bai isa ba, sai an duba.

Ga yadda ungozomar da ta san aikinta ke yi. Ta ja labule, ta fitar da 'yan rakiya, ta zauna daidai da matar, ba ta tsaya a kanta ba. Idan yarinya ce ta ce mata, ƙanwata, zan tambaye ki wani abu da nake tambayar kowace mace, kada ki ji kunya. Idan kin yi tari ko atishawa, fitsari na ɗigo miki? Iska ko bayan gida na kuɓuce miki? Kina jin nauyi ko wani abu na saukowa ta gabanki? Kina jin zafi idan maigida ya kusance ki? Idan dattijuwa ce ta ce, Inna, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi miki, aikina ne. Sau da yawa matar za ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sannan ta ce, Sista, wallahi tun haihuwata ta uku nake fama, na ɗauka haka kowa take. Sai ungozoma ta nemi izininta, ta bayyana mata abin da za ta yi, ta sa safar hannu, ta sanya yatsa ɗaya a hankali, ta ce mata: ki yi kamar kina cikin mutane iska na son fita kina riƙe ta, sannan ki ja wurin sama zuwa cikinki. Ɗaya hannun yana kan marar matar. Idan ta ga ta riƙe numfashi, ko ta haɗe cinyoyi, ko ta ɗaga ɗuwawu, sai ta ce a'a, saki, ki yi numfashi, mu sake. Idan ta ji tsokar ta kama yatsa ta ja shi ciki, ta ce yawwa, ita ce wannan, kin same ta. Wata ƙwararriyar fisiyo ta Ingila, Jo Laycock, ta tsara ma'auni daga 0 zuwa 5 na ƙarfin wannan kamu. A rubuta lambar a kati, domin idan matar ta dawo bayan wata guda ta ji an ce daga 2 ta koma 3, ba sai an roƙe ta ta ci gaba ba.

Daga nan sai a ba ta aikin gida. Ta ja ta riƙe gwargwadon iyawarta, ko da ƙirgen uku ne a farko, a hankali har ta kai goma. Ta saki gaba ɗaya, ta huta daidai tsawon riƙon, domin sakin ma rabin atisayen ne. Ta maimaita sau 8 zuwa 12, sau 3 a rana. Ta fara a kwance, in ta ƙware ta koma zaune, sannan a tsaye, don a tsaye ne fitsarin ke kunyata ta. Mu kuwa Allah Ya ba mu agogon da ba ya kuskure: a ce mata bayan sallar Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i, tana kan dardumarta kafin ta tashi. Mai jegon da ba ta fara salla ba ta haɗa shi da lokacin ba da nono. A gaya mata gaskiya cewa ba a ganin canji a mako ɗaya, sai an yi makonni, cikakken amfani kuma sai wajen wata uku. A kuma hana ta abin nan da ake yaɗawa na tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa kullum da sunan atisaye. Yana hana mafitsara juyewa sarai.

Akwai wata ƙaramar dabara da ke ba mace sauƙi tun kafin tsokar ta yi ƙarfi. Ta riga tarin: da ta ji atishawa ko tari na zuwa, ko za ta ɗaga tukunya, ta ja tsokar tukuna. A 1998 masu binciken Michigan sun koya wa wasu dattijan mata wannan, cikin mako guda ɗigar da ke biyo bayan matsakaicin tari ta ragu da kusan kashi 98 cikin 100, ta tari mai ƙarfi kuma da kusan kashi 73. Koyar da wannan ba ya cin minti biyar. Ita kuma wadda fitsari ke zuwa mata a guje, a koya mata ta tsaya cak, ta ja tsokar sau da yawa da sauri har matsuwar ta lafa, sannan ta taka a hankali, kuma ta riƙa ƙara tazara tsakanin zuwa banɗaki. A duba mata ko akwai cutar mafitsara ko ciwon suga. A tambaye ta yawan shayi da goro da lemon kwalba da take sha, don suna zuga mafitsara.

Sai dai fa ba kowace mace ake ce wa ta matse ba, kuma wannan kuskure ne da ko ƙwararru ke faɗawa. Akwai matan da tsokarsu ba saki ta yi ba, ɗaurewa ta yi ta ƙi saki. Amarya ce da aka kai ta ɗaki, wata da watanni miji ya kasa kusantarta, da an taɓa ta jikinta ya ƙame don zafi da tsoro. Ko mai jego da aka yi wa ƙari aka ɗinke, wurin ya warke da tabo mai tauri. A gida sai a ce taurin kai ne, ko a ce iska ce. A da, har yau ma a wasu wurare, irin wannan ce ake kai wa wanzami ko tsohuwa a yi mata yankan gishiri, yankan da ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsarin da ba su da shi tun farko. Idan aka ba irin wannan mace atisayen matsewa an ƙara mata ciwo. Ita sassautawa take bukata: numfashi mai zurfi har ciki, koyon sakin wurin, tausa a hankali daga hannun mace ƙwararriya, da zama da mijin a yi masa bayani cewa lalura ce, ba ƙiyayya ba ce, kuma gaggawa na ƙara ta. Ba za a bambance mai saki da mai ɗaurewa ba sai an tambaya an duba.

Ɗakin haihuwa ma na da nasa kason. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa danna cikin mace daga sama don a turo jariri, kuma kada a mayar da ƙari al'adar da ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a dafa wurin yayin da kai ke fitowa yana rage mummunar yagewa. Bayan haihuwa a duba da haske mai kyau, a tabbatar yagewar ba ta kai ga tsokar dubura ba, domin idan ta kai aka ɗinke fata kawai aka bar tsokar, an sallami mace da lalurar da za ta hana ta zama cikin mutane. A tabbatar ta yi fitsari cikin sa'o'in farko. Waɗannan duk suna cikin littafin da kuka karanta a makaranta. Na san kuma ungozoma ɗaya ce a kan mata goma a daren da babu wuta. Ina ganin wahalarku. Amma mintunan nan kaɗan su ne ke raba mace da wahalar shekara talatin.

Su ma waɗanda aka yi wa aikin yoyon fitsari, ɗinki ba shi ne ƙarshe ba. Sananne ne ga likitocin wannan fanni cewa akwai matan da ramin ya rufe sarai amma suna ci gaba da jiƙewa, saboda hanyar fitsarin da tsokokin sun lalace, ko mafitsarar ta ƙanƙance. Wasu kuma naƙudar ta taɓa musu jijiyar ƙafa, suna tafiya suna jan ta. Mace ta koma ƙauye an ce an yi mata aiki, ga shi har yanzu tana wari, sai dangin miji su ce ba ta warkuwa. Asibitin da Catherine Hamlin da mijinta suka kafa a Addis Ababa ta Habasha a 1974 ya daɗe da sanya gashi da atisaye cikin jinyar waɗannan mata, kuma a asibitin Tanguiéta da ke arewacin Jamhuriyar Benin an gwada horar da mata kafin aiki da bayansa, aka ga sakamakon ya fi kyau. A ganina duk cibiyar da ke da likitan ɗinki ya kamata ta sami fisiyo mace da ke zaune a wurin, ba mai leƙowa ba.

Matsalar ita ce ina za a samo su? Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a wannan fanni tun 1966, a Arewa kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna yaye ɗalibai. Amma yawancinsu suna manyan asibitocin birni, kuma jama'a sun san su ne da karaya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan aiki kuwa, mu faɗi gaskiya, mace ce za ta yi wa mace shi; kaɗan ne cikin matanmu za su yarda namiji ya duba su a kan ɗigar fitsari, mazajensu ma haka. Don haka ina kira ga 'yan matanmu da ke karanta fisiyo su rungumi ɓangaren lafiyar mata, su kuma fito su koyar da ungozomomi da ma'aikatan karkara, domin su ne ke ganin mata kullum. A Faransa tun 1985 inshorar gwamnati ke biya wa mai jego zama 10 na wannan horo, kuma ungozomomi na cikin masu bayar da shi. Ba mu da kuɗin Faransa, amma muna da layin awo da layin rigakafi.

Layin awo shi ne wuri na farko. Bincike ya nuna matan da suka fara atisayen tun suna da ciki, kafin ɗigar ta fara, sun fi tsira daga gare ta a ƙarshen ciki da watannin bayan haihuwa. Ga mata nan zaune a kan benci tun safe suna sauraron bayanin abinci da gidan sauro. A ƙara musu wannan. Wuri na biyu shi ne allurar rigakafin mako 6, wadda ta zo daidai da arba'in. Uwa ta zo da kanta, ta yi kwalliya, an auna jariri, an ɗiga masa, an yi masa allura, an rubuta kati, ita kuwa ba wanda ya ce mata yaya jikinki. Za ta sake dawowa a mako na 10 da na 14. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ba su ce a ɗora wa kowace mai jego atisaye ido rufe ba. Abin da suka ce shi ne a tambayi mace game da fitsarinta a duk zuwan da ta yi bayan haihuwa, wadda ke ɗiga kuma a sanar da ita amfanin horon. Al'adarmu ta jego ma ta ba da dama, tunda ana ɗauke wa mace daka da ɗiban ruwa har kwana arba'in, kuma wannan hutu alheri ne da ya kamata a riƙe. Ruwan zafi dai ba ya ɗaure tsoka, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin gashi da ciwon zuciyar masu jego. Uwar da ta zo wankan 'yarta, idan aka yi mata bayani, ita ce za ta fi kowa tuna mata da atisayen, wataƙila ma ita kanta tana bukatarsa.

Ku kuma masu horar da mata motsa jiki, ku sani ƙarfin jiki bai hana wannan lalura ba. A ƙasar Suwidin an tambayi ƙwararrun 'yan mata masu wasan tsalle a kan raga, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kashi 80 cikin 100 suka ce suna ɗiga lokacin atisaye. Mai jego ta zo muku tana son tumbinta ya koma, kada ku fara ta da tsallen igiya da ɗaga ƙarfe da ɗamarar da ke matse ciki tam tana tura komai ƙasa. Ku fara da tafiya da numfashi da tsokar ƙasan ƙugu. Ku koya mata ta fitar da numfashi lokacin ɗaga nauyi. Idan kun ga mace kullum tana zamewa daga layi in an zo tsalle, ku ja ta gefe ku tambaye ta, sannan ku tura ta wurin wadda za ta duba ta, don dubawar ba aikinku ba ne.

Akwai kuma inda atisaye ba shi da hurumi, a tura mace babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Idan fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda ko tiyata, wannan alamar huji ce, kuma Dakta Waaldijk ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri aka bar ta makonni, wasu ƙananan ramukan kan rufe da kansu ba tare da wuƙa ba. Don haka kada a ce ta bari sai ta yi arba'in. Haka nan idan bayan gida na fitowa ta gaba, ko akwai jini a fitsari, ko fitsarin ya ƙi fita, ko naman da ya zazzago ya yi gyambo, ko dattijuwar da al'adarta ta ɗauke ta ga jini. A rubuta mata takardar turawa a hannu, a faɗa mata sunan asibitin da ranar da ake ganin masu irin lalurarta, a kuma kira mijin ko wanda ya rako ta a yi masa bayani, domin sau da yawa kuɗin mota da izinin fita a hannunsa suke.